Addu'ata ta bushe, in ajiye Rosari ko in ci gaba?

Maman_Tagwaye:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Na daɗe a nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Ni 'yar Katolika ce tun haihuwa, ina cikin Zumuntar Mata, sana'ata ɗinki. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake jan Rosari, carbin addu'armu, kowane dare, wanda nake ja yanzu ma na mahaifiyata ne, mai shuɗin duwatsu, ya tsinke sau biyu na ɗaure shi da zaren keke. Amma wata bakwai ke nan addu'a ta zame mini kamar tauna ƙaiƙayi. Bakina yana "A gaishe ki Maryamu", zuciyata tana wurin ankon bikin da ban gama ba, ko kuɗin makarantar yara. Sai in ga na kai ƙarshen goma, wato duwatsu goma na "A gaishe ki Maryamu", ban ma san asirin rayuwar Yesu da nake ciki ba. A Mas ma haka ne. In tashi da masu tashi, in durƙusa da masu durƙusawa, in karɓi Jikin Ubangiji, in koma mazaunina babu abin da ya motsa a cikina. Abin da ke ba ni tsoro shi ne maganar nan ta Matiyu 15:8, mutanen da ke girmama shi da leɓuna alhali zuciyarsu tana nesa. Ba munafunci nake yi ba kuwa? In ajiye Rosarin har zuciyar ta dawo, ko in ci gaba a haka?

'Yar_Kagoro:
Wallahi kamar bakina kika ari. Ni ma shekara guda ke nan. Zan zauna in ji abin da za a ce.

Ɗan_Katikis:
'Yar'uwa, kada ki ajiye. Munafuki shi ne wanda yake addu'a don mutane su gani su yaba. Ke kuwa cikin ɗakinki kike, dare ya raba, ba mai ganinki, kuma abin yana damunki har kin fito kina tambaya. Zuciyar da ta yi nisa ba ta damuwa da nisanta. In kina da littafin Katikisim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ki buɗe kashi na huɗu, shi gaba ɗaya a kan addu'a yake. Lamba 2725 ta kira addu'a yaƙi. Lamba 2729 tana magana a kan yawon hankali, ta ce bin kowane tunani don a kore shi faɗawa tarkonsa ne, abin yi kawai shi ne a komo da zuciya. Lamba 2731 kuma a kan bushewar nan da kike faɗa take. Ikilisiya ba za ta rubuta abu a littafin koyarwarta ba in mutum ɗaya ne kawai yake samu.

Wutar_Ruhu:
Mama, wannan hari ne na maƙiyi, kada a yi miki kwana-kwana. Shaiɗan ya ga kina da ƙarfi a addu'a shi ya sa ya zuba miki ruwan sanyi. Ki ɗauki azumin kwana uku, ki zo taron addu'a na 'yan Karismatik a cocinku, a ɗora miki hannu, ki buɗe baki ki yi yabo da ƙarfi. Ni na shekara biyu a irin wannan sanyin, dare ɗaya Ubangiji ya karya shi. Jan duwatsu a ɗaki shiru ba zai tayar da wutar da ta mutu ba.

Tsohon_Malami:
Ɗana Wutar_Ruhu, na gode wa Allah da abin da ya yi maka, kuma ban raina taronku ba, na sha zuwa. Amma ka yi hattara da maganar "jan duwatsu". Da waɗannan duwatsun iyayenmu suka riƙe bangaskiya a ƙauyukan da Fada ba ya zuwa sai sau ɗaya a wata uku. Ni mutumin Shendam ne, inda Fadan farko suka sauka a 1907, kuma na ga tsofaffin da ba su iya karanta ko harafi ɗaya ba amma Rosari ya kai su har bakin kabari da hankalinsu kwance.

'Yata Maman_Tagwaye, bari in ba ki labarin wata da ta yi daidai abin da kike shirin yi. Waliyyiya Tereza ta Abila, a ƙasar Sifen, wadda ta rasu a 1582. Ta yi kusan shekara ashirin tana fama da addu'a, hankalinta yana kan yaushe lokacin zai cika ta tashi. Har akwai lokacin da ta daina addu'ar zuci ɗungum fiye da shekara guda, tana ganin ai tawali'u ne, wai irinta ba ta cancanci zama gaban Allah ba. Daga baya da kanta ta ce wannan dainawar tana cikin mafi munin jarabar da ta taɓa faɗawa, domin ta zo mata sanye da rigar gaskiya. Taki ma rigar gaskiya ta sa: "kada in zama munafuka". Wannan matar ce fa yau Ikilisiya take kira malama a kan addu'a.

Akwai kuma ƙa'idar Waliyyi Ignashiyus na Loyola, sojan da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521, ya tuba yana kwance yana jinya. Ya ce a lokacin duhun zuciya kada mutum ya sauya shawarar da ya yanke lokacin da yake cikin haske. Ke da hankalinki kwance kika ɗauki Rosarin nan. Ba yanzu da hazo ya rufe hanya za ki yanke shawarar ajiye shi ba.

Ladi_Nas:
Kafin a kai ga azumin kwana uku, ina da tambaya. Maman_Tagwaye, awa nawa kike barci? Kina cin abinci yadda kika saba? Abubuwan da kike jin daɗinsu a da, hira da ƙawaye, wasa da yara, har yanzu kina jin daɗinsu, ko su ma sun bushe? Ina tambaya ne don a wurin aiki ina ganin mata da yawa da suke zuwa da "ba na iya addu'a", in ka bincika sai ka tarar jini ya yi ƙasa, ko hawan jini, ko ciwon damuwa. In addu'a ce kaɗai ta bushe, wannan magana ɗaya ce. In komai ne ya bushe, ki ga likita tare da ganin Fada. Ku duba 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ya gudu jeji ya kwanta ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ce ci, ya ci ya sha ya koma barci, ya sake tashinsa ya ce ci, tafiyar ta fi ƙarfinka. Sai bayan nan aka kai ga maganar murya a kan dutse.

Bulus_Direba:
Gaskiya ne Nas. Tela a lokacin biki ba ya barci, matata ma ɗinki take yi.

Saratu_B:
Baba Tsohon_Malami, ita ce Terezan da aka ce ta yi shekara hamsin ba ta jin Allah? Na ji wani Fada ya faɗa a wa'azi.

Tsohon_Malami:
A'a 'yata, uku ne, mutane suna yawan haɗa su. Wadda kike nufi Mada Tereza ce ta Kalkata a Indiya, ta rasu a 1997. Sai da aka buga wasiƙunta a 2007 duniya ta san ta yi kusan shekara hamsin cikin duhu, tana jin kamar Allah ba ya nan, amma kullum asuba tana Mas, tana fita kwasar marasa lafiya a titi. A 2016 aka sa ta cikin waliyyai. Ta ukun ita ce ƙaramar Tereza ta Faransa, wadda tarin fuka ya ɗauke a 1897 tana da shekara 24. Ita wannan barci ne yake sace ta a lokacin addu'a, kuma ta faɗa da bakinta cewa jan Rosari ita kaɗai yana yi mata wuya ƙwarai. Ta ce iyaye suna son ɗansu yana barci kamar yadda suke sonsa ido biyu.

Yakubu_Zariya:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata, amma ina ganin yana da alaƙa. Surukaina ba 'yan Katolika ba ne, kuma kullum abin da suke kawo mini shi ne Matiyu 6:7, kada ku yi ta maimaita magana kamar al'ummai. Wani lokaci ina tunanin ko suna da gaskiya. Ba maimaitawar ce take sa hankali ya tafi ba? Abu ɗaya sau hamsin, dole baki ya riƙa tafiya shi kaɗai.

Ɗan_Katikis:
Yakubu, karanta ayar har ƙarshe. Abin da Yesu ya hana shi ne zaton yawan magana ne zai sa a ji ka, kamar Allah injin ne da ake zuba wa kalmomi. Shi da kansa a Getsamani, Matiyu 26:44, ya koma karo na uku yana faɗar magana iri ɗaya. Zabura 136 aya 26 ce, kowace aya da amshi ɗaya take ƙarewa. Rabin farko na "A gaishe ki Maryamu" kuwa daga Luka ne kai tsaye, gaisuwar Jibra'ilu a 1:28 da ta Alisabatu a 1:42. Amma inda kake da gaskiya shi ne, Rosari ba don kalmomin kaɗai aka yi shi ba. Kalmomin kamar kiɗan da ke rakiyar aiki ne, aikin shi ne duban rayuwar Yesu asiri bayan asiri. Shi ya sa Paparoma John Paul na biyu ya ƙara Asiran Haske a 2002, suka tashi daga 15 zuwa 20, don a shigo da baftismarsa, da bikin Kana, da wa'azin Mulki, da sāke kamanninsa a kan dutse, da Jibin ƙarshe. In an bar asirin aka kama ƙirga kawai, abin da surukanka suke faɗa yana iya faruwa.

Yakubu_Zariya:
To na ji wannan. Amma a gidanmu da gudu muke yi, minti goma sha biyu an gama. Laifinmu ne ke nan.

Bulus_Direba:
Ni dai ba malami ba ne, ga abin da na gani. Ina jan babbar mota tsakanin Jos da Kano. Yaron motata Musulmi ne. Lokacin salla in ya yi, ko ya gaji ko bai gaji ba, ko ransa yana so ko ba ya so, zai ce Oga a ɗan tsaya, ya ɗauki butarsa. Ban taɓa jin ya ce yau ba na jin daɗin salla don haka na fasa ba. Shi ya sa ni kunya na koma Addu'ar Mala'ika, shida na safe, sha biyun rana, shida na yamma. Na sa ƙararrawa a waya. Minti biyu ce. Wata rana ina jin ta har cikin ƙashi, wata rana baki ne kawai. Amma lokacin na Allah ne, na ba shi, ba na karɓewa.

Maman_Tagwaye:
Na gode muku duka, na karanta kowanne sau biyu. Nas Ladi, barci kam ba na samu sosai, zan je a duba ni. Amma akwai abin da ban faɗa ba, kuma tun da Baba ya yi maganar rigar gaskiya na kasa zama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙanena ne ya rasu wata bakwai da suka wuce. Ni na goya shi bayan mahaifiyarmu ta rasu, shekararsa ashirin da shida. Ciwon ƙoda. Na yi nobena, addu'ar kwana tara, sau uku a jere, kwana ashirin da bakwai ban tsallake ko ɗaya ba. Na sa an yi masa Mas. Matan Zumunta sun zo asibiti sun kewaye gadonsa. A daren ƙarshe Rosarin nan na Mama yana naɗe a hannunsa, ni na kwance shi daga yatsunsa da safe. Tun ranar in na kai "yanzu da lokacin mutuwarmu" sai wani abu ya tokare ni a maƙogwaro. Ina jin ba hankalina ne yake yawo ba. Ni ce nake gudu. Ina jin haushin Allah, kuma ina tsoron faɗa.

'Yar_Kagoro:
Wayyo. Allah ya ji ƙansa, ya ba shi hutawa ta har abada. Sannu 'yar'uwa.

Kaka_Rifkatu:
'Yata, zo nan. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, don haka ba daga littafi zan yi miki magana ba. Jikata ce take rubuta mini wannan, ni ina faɗa.

Ki buɗe Yahaya sura 11. Marta ma ƙanenta ko wanta ne ya kwanta ciwo, ita ma ta aika a kira Yesu, shi ma bai zo a kan lokaci ba. Da ya iso ba ta yi masa kara ba. Ta tare shi a hanya ta ce, Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Maryamu 'yar'uwarta ta zo ta faɗi magana iri ɗaya tana kuka. Ya tsawata musu? Bai tsawata ba. Kuka ya yi. Wannan maganar ta Marta addu'a ce, 'yata, kuma ita ce addu'ar da ke cikinki wata bakwai kin hana ta fita. Kin rufe ta da "A gaishe ki Maryamu" kamar an rufe tukunya tana tafasa. Shi ya sa sauran ba sa shiga.

Lokacin da ɗana na biyu ya rasu na yi wata huɗu ina zuwa coci da rana tsaka, lokacin da ba kowa sai mai shara. In zauna a benci na baya in kalli jar fitilar nan da ke kusa da inda ake ajiye Jikin Ubangiji. Ba na cewa komai. Wata rana in ce masa, ka ga abin da ka yi mini. Shi ke nan addu'ata. Ban san ranar da ta juya ba, ba dare ɗaya ba ne. Ki je ki faɗa masa. Ya riga ya sani, ke ce ba ki ji kanki kin faɗa ba.

Wutar_Ruhu:
Mama Maman_Tagwaye, ki gafarce ni, ban san da rasuwa ba, na yi gaggawar magana. Maganar azumin na janye. Amma har yanzu ina cewa kada ki zauna ke kaɗai. Ko ba taronmu ba, ki sami mutum biyu su riƙa addu'a tare da ke, in bakinki ya kasa nasu ya ɗauka. Abokan shanyayyen nan ne suka fasa rufin ɗaki suka saukar da shi gaban Yesu, shi bai iya tafiya ba.

Emma_Kakuri:
Haƙuri za ki yi, haka Allah ya so. Duk abin da ya yi daidai ne, bai kamata mu tuhume shi ba.

Saratu_B:
Emma, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma wannan maganar ce ta sa mutane da yawa suke haɗiye baƙin ciki har ya zame musu ciwo. Ranar da babana ya rasu duk wanda ya shigo "haka Allah ya so", har na ji kamar in toshe kunne. Ayuba bai yi shiru ba. Abokansa da suka zo suna kare Allah su aka ce ba su faɗi daidai ba a ƙarshen littafin.

Emma_Kakuri:
Ban ce kada ta yi kuka ba. Amma jin haushin Allah ai zunubi ne, ko ba haka ba? Malamai su gyara mini.

Ɗalibin_Seminari:
Emma, tambayarka tana da kyau, kuma ina ganin ita ce take cin Maman_Tagwaye. Abin da ake koya mana shi ne, jin abu a zuciya shi kaɗai ba zunubi ba ne, ba kuma lada ba ne. Abin da mutum ya zaɓa ya yi da shi ne ake dubawa. Akwai bambanci tsakanin wanda ya juya wa Allah baya yana zaginsa, da wanda ya fuskance shi yana kuka yana cewa don me. Na biyun Zabura cike take da shi. Zabura 22 da "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni" ta fara, kuma ita Yesu ya ɗauka a kan gicciye. Zabura 88 ma ta fi tsanani, domin ita har ta ƙare ba ta juya zuwa yabo ba, da duhu ta rufe. Duk da haka Ikilisiya ta sa ta a addu'ar dare ta kowace Juma'a, Fada da Sista a duk duniya suna karanta ta.

Mu ma nan mun san wannan ciwon. A Janairun 2020 aka sace ɗalibai huɗu a babbar seminari ta Good Shepherd da ke Kaduna. Babu cocin da ba a yi addu'a ba, a ƙasar nan da wajenta. Uku suka dawo. Michael Nnadi, ɗan shekara 18, gawarsa aka samu. Addu'a ɗaya aka yi wa su huɗun. Wanda duk ya ce miki ya san dalilin da ya sa aka amsa ta wannan hanya a nan, ta wata hanya a can, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin saninsa. Abin da muke riƙe da shi shi ne Allahn da muke kuka gare shi ya san mutuwar ɗa daga ciki.

Shawarata, Mama, ki nemi Fada ba a layin furta zunubi na yammar Asabar ba, inda mutum talatin suke jira a bayanki. Ki ce kina son zama da shi minti talatin. In a cikin hirar kin ga akwai abin furtawa, sai ki furta.

Ɗan_Katikis:
Ƙari a kan na Ɗalibi. Addu'ar da kika yi wa ƙanenki ba ta ƙare ranar da ya rasu ba. Mu Katolika muna yi wa matattunmu addu'a, tushenta yana 2 Makabiyawa sura 12, kuma ranar 2 ga Nuwamba da watan gaba ɗaya nasu ne. Kin yi kwana ashirin da bakwai kina roƙa masa lafiya. Har yanzu akwai abin da za ki roƙa masa. Wataƙila goma ɗaya tak a dare, da sunansa, ya fi miki biyar ɗin da kike ja da ƙyar.

Tsohon_Malami:
A nan zan ɗan gyara maganata ta farko. Na ce kada ta sauya komai, na kawo Ignashiyus. Da na san da rasuwa da ban faɗe ta da wannan ƙarfin ba. Rage yawa ba ajiyewa ba ne. Wanda ya karye ba a ce masa ya yi gudun da ya saba, amma ana so ya riƙa taka ƙafar. Goma ɗaya ɗin Katikis na goyi baya. Kuma in Asiran Farin Ciki sun yi miki nauyi yanzu, ba dole ba ne ki bi jerin ranaku. Ki zauna a na Baƙin Ciki ko da ba Talata ko Juma'a ba ce. Uwar da kike gaisarwa ta tsaya a gindin gicciye, an sauke mata gawar ɗa.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan 'yan kaɗan ne, wani lokaci a Mas na ranar aiki ba mu fi mu takwas ba. Abu ɗaya zan ƙara. Ni da Faransanci na koyi addu'o'ina a makaranta, kuma da shi nake yi shekara da shekaru. Da matata ta yi ɓari na biyu sai na ga Faransancin ya ƙi fita. Da Hausar da uwata take yi mini faɗa da ita na iya yi wa Allah magana. Ban san da wane harshe kike addu'a ba, amma in akwai yaren gidanku, wanda kike yi wa ƙanenki magana da shi yana yaro, ki gwada faɗa wa Allah maganar Marta da shi.

'Yar_Kagoro:
Wannan ta taɓa ni. Ni da Turanci nake yi saboda yara, amma kuka da yarenmu nake yi.

Yakubu_Zariya:
Mu a gida jiya mun gwada a hankali, kafin kowace goma ɗana ya karanta ayar asirin. Ya kai minti talatin, ƙaramar ta yi barci a na uku. Matata ta ce ya fi, ni kuma ina ganin ba za mu iya haka kullum ba. Akwai mai yin goma ɗaya da yara, sauran bayan sun kwanta?

Bulus_Direba:
Haka muke yi in ina gida. Goma ɗaya da su, kowa ya faɗi wanda yake yi wa addu'a.

Ladi_Nas:
Maman_Tagwaye, ina nan a kan bakana fa. Duk abin da Kaka da Ɗalibi suka faɗa na yarda, amma a auna jinin nan. Kuma in wata ya ƙara wucewa barci bai dawo ba, ko kika fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, kada ki jira, ki faɗa wa wani a ranar.

Emma_Kakuri:
Na karanta Zabura 88 yanzu. Ban taɓa sanin tana cikin Littafi ba. Har yanzu ina jin nauyin a ce mutum ya yi wa Allah irin wannan magana, amma ga ta a rubuce. Maman_Tagwaye ki yi haƙuri in maganata ta yi miki zafi.

Maman_Tagwaye:
Ba komai Emma, abin da kowa ya faɗa mini ke nan a zaman makoki, ni ma na sha faɗa wa wasu.

Kaka Rifkatu, na je. Jiya da azahar na rufe shago na ce wa yarinyata zan je sayo zare. Ba kowa a cocin sai wani tsoho yana goge benci. Na zauna a baya kamar yadda kuka ce. Na fi minti ashirin ban iya buɗe baki ba. Sai na yi yadda Ɗan_Maraɗi ya ce, da yarenmu, na ce da kana nan da bai mutu ba. Sau ɗaya na faɗa, sauran kuka ne, har tsohon ya ajiye tsummansa ya fita ya bar ni. Ba zan ce muku na ji sauƙi ba. Na ji gajiya, na koma na yi barcin awa biyu a kan atamfofin mutane. Da dare na ja goma ɗaya da sunansa. Hankalina ya tafi sau uku ko huɗu, kuma wurin "lokacin mutuwarmu" har yanzu yana tokare ni, a biyu daga ciki tsallake shi na yi. Ban sani ba ko hakan ya halatta.

Na ga Fada bayan Mas na safe, ya ce in zo ranar Alhamis ƙarfe huɗu. Asibiti kuma sai Litinin, Nas.

Ɗan_Katikis:
Ki tambayi Fada ranar Alhamis, amma ni a ganina inda kika tsallake mu za mu faɗa a madadinki. Yau da dare gidana za mu yi.

Kaka_Rifkatu:
Ki koma gobe ma, 'yata. Ki tafi da ruwan sha, cocin da rana akwai zafi.

'Yar_Kagoro:
Ni nawa ba rasuwa ba ce, ban ma san mene ne ba, shi ya sa na yi shiru tun ɗazu. Ba abin da ya same ni, kawai ya bushe. Baba Tsohon_Malami, wanda bai san dalilin nasa ba fa, daga ina zai fara?